Inabin Kawu Barmo

Shekara goma sha ɗaya Kawu Barmo ya yi a Bukur,
kuku a gidan wani Baturen kuza
mai rowar da ko ƙuda ba ya lasar masa faranti.
Ya dawo Katsina da akwatin ƙarfe,
da tari,
da wani ɗan itace mai ido uku
naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma.

Aka ce, "Wannan fa?"
Ya ce, "Inabi."
Ƙofar Marusa ta kwana tana dariya:
a garin da rana ke gasa ƙwai a kan dakali?

Bai tanka ba.
Ya dasa shi gindin dutsen da yake alwala,
sau biyar a yini yana ba shi sauran buta.

Da daddare yakan ba mu labarin kwalbar.
Doguwa ce, koriya,
da hoton tsauni a ƙirjinta,
ƙanƙara a kansa kamar an naɗa masa rawani.
Abin cikinta ana ce masa fari, amma ba fari ba ne,
launin karan dawa ne bayan girbi.
Daga firjin kananzir yake ɗauko ta,
ya tsiyaya a kofi mai ƙafa ɗaya,
kofin ya hau gumi kamar mai bin bashi ya iso.

"Ban taɓa kai ta baki ba, Allah shaida.
Amma hanci ba ya azumi.
Lemun tsami na ji, da ɗanyar gwaba,
da ƙamshin fa idan ruwan farko ya taɓa shi."

Ita ce mafi arha a kantin, in ji shi,
shi ya sa maigidan ke ƙaunarta.
Kullum sai ya ɗaga kofin ya ce da Kawu:
rana ke ba inabi zaƙi,
sanyin daren tudu ke riƙe masa tsami,
wanda ya samu ɗaya kawai, rabin inabi ne.

Rana kam muna da ita har ta sayarwa.

Akuyar Inna Dije ta cinye tohon farko.
Gara ta ci na biyu.
Shekara huɗu ganye kawai, inuwa ga kaji.
A ta biyar ta sauke nono uku,
'ya'ya ƙanana kamar idon zabuwa.

Kawu ya yanke su da almakashin aski,
ya saka a ƙwarya, ya ɗora bakin randa suka kwana.
Da asuba ya matse su cikin farin ƙyalle.
Ruwan bai cika moɗa ba.
"Ku sha yanzu," ya ce,
"kafin Shaiɗan ya ji labari."

Na kurɓa.
Haƙorana suka mutu, idona ya kawo ruwa,
sanyi ya bi maƙogwaro har cibiya.
Sai can baya, kamar baƙo mai kunya,
zaƙi ya yi sallama.

Shi bai sha ba tukuna.
Ya kai moɗar hanci, ya rufe ido,
ya daɗe.
Muka ce, "Shi ne?"
Ya ce, "Saura kaɗan.
Dutsen ne babu."

Bana damina tara ke nan da muka kai shi.
Kurangar ta haye rumfa ta leƙa gidan maƙwabta,
yaransu na tsinka tun tana ɗanya,
ba na kora.
A Kasuwar Tsakiya akwai na jirgi, manya, cikin roba,
zaƙi zalla, kuɗin kwano biyu na gero.
Na saya sau ɗaya. Ban ƙara ba.

Ni ke alwala a gindinta yanzu.
Idan ta nuna na matse,
nakan kai moɗar hanci kafin baki,
ni da ko Funtuwa ban wuce ba,
ina neman dutsen da ban taɓa gani ba.